Wasiƙa: Ga masu shirin jarrabawar lasisin boilar ruwan zafi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana da 'yan'uwanmu masu aikin kula da gine-gine a nan Amurka, musamman waɗanda ke shirin zana jarrabawar lasisin boila kafin sanyi ya kankama. Akwai matasanmu da ke cin abinci a makarantu da asibitoci da manyan gidajen haya, kuma lasisin nan shi ke ɗaga mutum daga shara da goge-goge zuwa riƙe makullin ɗakin boila. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake shirin. Matashi zai kwana yana haddace tambaya da amsa a waya, akasarinsu a kan boilar tururi, alhali wadda ke ƙarƙashin ginin da yake aiki ta ruwan zafi ce. Ka tsayar da shi a gabanta, ka nuna masa allurar geji, ka ce wannan matsin daga ina ya fito, sai ya ce daga wuta. Wanda ya ba da wannan amsa, ko ya ci jarrabawa, bai kai a bar shi shi kaɗai da boila ba tukuna.

Kowace jiha da dokarta, wasu ma sun bar wa birane zancen lasisi, don haka kowa ya fara neman ta inda yake zaune. A Minesota, Ma'aikatar Ƙwadago da Masana'antu ce ke bayarwa. Boilar ruwan zafi da ke cin wutar da ta haura BTU 750,000 a awa (BTU ma'aunin yawan zafi ne) tana buƙatar mai lasisi. Ana farawa da lasisi na musamman, wanda ke ba mutum damar riƙe boila har zuwa ƙarfin doki 50, sannan aji na biyu bayan shekara 1 ta aiki, aji na ɗaya bayan 3, cif bayan 5. Harafin C a jikin lasisi na nufin boila mai ƙaramin matsi. Maki 70 cikin 100 ake nema. A lissafin jihar, kowace ƙafa murabba'i 10 ta ƙarfen da wuta ke dumamawa ita ce ƙarfin doki 1.

Iyakar da ta raba ƙaramin matsi da babba kuwa ba ta jiha ɗaya ba ce, ta fito daga Sashe na IV na ƙa'idojin ƙungiyar injiniyoyi ta ASME. Boilar ruwan zafi ba ta wuce psi 160 (psi ma'aunin matsi ne), ba ta wuce digiri 250 na Faranhait, wato 121 a Selsiyos. Ko ɗaya daga cikin biyun aka ƙetare, ta fita daga wannan aji. Psi 15 ɗin da kowa ya haddace iyakar boilar tururi mai ƙaramin matsi ce, kuma masu shirya jarrabawa suna son saka ta cikin zaɓi don su ga wa zai faɗa. A jikin boilar akwai farantin ƙarfe mai tambarin harafin H, a kai an rubuta MAWP, wato matsi mafi girma da aka yarda ta ɗauka, da kuma mafi ƙarancin abin da bawul ɗin kariyarta zai iya fitarwa. Duk lissafinka daga wannan faranti yake farawa.

Boilar tururi ba a cika ta. Tana da layin ruwa da gilashin duba shi, tururi yana sama. Ta ruwan zafi kuwa cike take maƙil, ita da bututai da lagiretocin da ke ɗumama ɗakuna har hawa na ƙarshe, kuma ruwa guda ne ke zagayawa shekara da shekaru. Saboda haka tana da matsi tun ba a kunna wuta ba, nauyin ruwan da ke tsaye a kanta ne. Kowace ƙafa 2.31 ta tsayin ruwa tana ba da psi 1. Bawul ɗin ciko, wanda ke rage ƙarfin ruwan gari kafin ya shiga, yakan zo daga kamfani a kan psi 12, kuma wannan ya ishi gida mai hawa biyu ne kawai. A ce lagireto mafi nisa yana ƙafa 46 sama da geji. Raba 46 da 2.31, ka sami kusan psi 20. Wannan zai kai ruwa bakin lagireton ne kawai, don haka a ƙara psi 4 domin can sama ma a sami ɗan matsin da zai tura iska waje ya hana ta shigowa. Ciko ya zama psi 24 a sanyi. Wanda ya bar shi a 12 a irin wannan gini, mazauna hawan sama za su kwana cikin sanyi, shi kuma ya yi ta zargin famfo. A lura kuma: idan bawul ɗin kariya na psi 30 ne, kamar yadda aka saba gani a boilar ƙarfen zubi, saura psi 6 kawai tsakaninka da zubar ruwa.

A nan ne tankin kumburi ya shigo, kuma a ganinmu duk wanda ya fahimce shi ya fahimci rabin aikin. Ruwa idan ya yi zafi yana ƙara girma. Daga digiri 50 zuwa 200 na Faranhait yana ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100. Gini mai galan 1,000 a bututansa zai wayi gari da ƙarin kusan galan 40 da ba su da wurin zama. Ruwa ba ya matsuwa, iska ce ke matsuwa. Shi ya sa ake ajiye iska a cikin tanki domin ƙarin ruwan ya sami abin da zai danne. Tankin iri biyu ne. Tsohon yayi zallar ƙarfe ne, a rataye kusa da rufi, ruwa a ƙasa, iska a sama, suna taɓa juna, sau da yawa da gilashi a gefe. Sabon yayi yana da fatar roba a tsakiya da ta raba su, da ɗan bawul irin na taya inda ake hura iska.

Kowanne da irin ciwonsa. Tsohon yayi a hankali ruwa ke shanye iskarsa, ya tafi da ita cikin gini. Idan aka saka na'urorin fitar da iska masu aiki da kansu a ginin da ke da irin wannan tanki, su za su yi ta zubar da iskar da ya kamata ta koma masa, har ya cika da ruwa. Ko robar da ke saman gilashin ta bushe, iska za ta sulale ta nan ba a ji ba a gani. Maganinsa a rufe bawul ɗin da ke tsakaninsa da boila, a zubar da ruwansa gaba ɗaya tare da barin iska ta shiga, a rufe, sannan a sake buɗe bawul ɗin. Mantawa da sake buɗe shi daidai yake da cire tankin. Mai roba kuwa dole iskarsa ta yi daidai da matsin ciko: ciko 24, iska 24. Ba a auna ta yana haɗe da boila, domin gejin taya zai nuna maka matsin ruwa ne kawai. Sai an keɓe shi, an sauke ɓangaren ruwa zuwa sifili, sannan a auna. Idan ka danna ɗan bawul ɗin, sai ruwa ya fito maimakon iska, robar ta fashe, sai sabo.

Ruwa ba ya tsami banza. Idan ka tarar da ƙasa a jiƙe a ƙarƙashin bututun bawul ɗin kariya, geji zai gaya maka mai laifi in ka tsaya ka kalle shi. Allura tana 12 ko 15 a sanyi, da murhu ya kama sai ta yi ta hawa da sauri har 30, bawul ya tofar, in an huce ta faɗo: tankin kumburi ne, ya cika da ruwa, ko an rufe masa hanya, ko ya yi wa ginin kaɗan. Allura tana hawa a hankali ko da wuta a kashe: ruwan gari ne ke kutsowa, ko dai bawul ɗin ciko ba ya rufewa sosai, ko an bar bawul ɗin cikon gaggawa a buɗe, ko kuma bututun dumama ruwan wanka da ke cikin boila ya huje. Rufe ruwan ciko ka ga ko hawan zai tsaya. Allura tana zaune lafiya ƙasa da 30 amma bawul yana ɗiga: datti ne a mazauninsa ko ya tsufa. A wannan na ukun ne kaɗai canja bawul yake magani. A biyun farko, sabon ma zai zubar, domin aikinsa yake yi.

Dokokin wannan bawul kaɗan ne kuma duk suna fitowa a jarrabawa. Matsin da aka saita shi kada ya wuce MAWP. Abin da zai iya fitarwa, wanda aka rubuta da BTU a awa a jikinsa, kada ya gaza na boila, ta yadda ko murhu yana ci iya ƙarfinsa matsi ba zai haura MAWP da fiye da kashi 10 cikin 100 ba. A tsaye ake ɗaura shi a saman boila. Babu wani bawul tsakaninsa da boila, babu a bututun fitarsa. Bututun fitar kada ya fi bakin bawul ƙanƙanta, ya sauko kusa da ƙasa, kuma kada a yi wa ƙarshensa zare, don kada wani ya ga ɗiga ya murɗa masa murfi.

Mutane suna raina boilar ruwan zafi saboda ba ta huci kamar ta tururi, amma ga abin da ke cikinta. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 212. A ƙarƙashin psi 30 ba ya tafasa sai ya kai kusan 274. Idan murhu ya ƙi mutuwa, ruwan zai wuce 212 yana nan a ruwansa. Da ƙarfe ya tsage matsi ya faɗi, wani ɓangarensa zai koma tururi nan take, kuma tururi yana cin wurin da ya ninka na ruwa sau 1,600 ko fiye. A ranar 19 ga Janairu, 1982, tankin dumama ruwa na ɗakin girkin makarantar firamare ta Star a garin Spencer, jihar Oklahoma, ya fashe lokacin cin abincin rana, ya kashe yara shida da malama ɗaya. Bincike ya nuna murhun ya ci gaba da ci, kuma an cire wa bawul ɗin kariya sandar da ke jin zafi. Masu karatu a gida su sani cewa hitar banɗaki ma haka take: ɗan bawul ɗin da ke ɗiga a ƙarƙashinta lokacin da take dumama ruwa, duk mai gyaran famfon da ya ce zai toshe shi, a hana shi.

Yanzu tayar da boila a farkon sanyi. Tsarin ba ya canjawa: ruwa, sannan zagayawa, sannan iska, wuta ce ta ƙarshe. Amma kafin ka taɓa komai, karanta littafin aiki ka ga abin da aka rubuta ranar da aka kashe ta. Idan akwai kwaɗo ko takardar gargaɗi a makunni, wanda ya saka shi kaɗai ke cirewa. Shiga da hancinka a buɗe. In ka ji warin gas, kada ka taɓa ko makunnin fitila, fita ka kira daga waje. Gas ɗin bututun gari ya fi iska sauƙi, sama yake taruwa, furofen kuwa ya fi ta nauyi, ƙasa yake kwanciya. Fitar da fenti da fetur da kwali, har da sinadarin wanki mai kulorin, domin tururinsa in ya bi ta cikin wuta yana cin ƙarfe. Duba tagar da iska ke shigowa daga waje. A ƙasar da sanyin Janairu ke sauka ƙasa da digiri 20 ƙarƙashin sifili a Selsiyos, ba a rasa mai toshe ta da kwali don ya ji ɗumi. Kowace ƙafa kubik 1 ta gas tana ɗauke da kusan BTU 1,000 kuma tana neman kusan ƙafa kubik 10 ta iska kafin ta ƙone sarai, ban da ƙarin da ake bayarwa. Murhun da aka shaƙe yana haifar da kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Leƙa bututun hayaƙi ma, tsuntsaye suna son sa da rani.

Daga nan bi bututai da hannu. Bawul ɗin fita a buɗe, na dawowa a buɗe, na tankin kumburi a buɗe, na zubarwa a rufe. Cika har geji ya kai lissafinka. Da famfo a kashe, fara fitar da iska daga hawan ƙasa kana yin sama, kowane lagireto a buɗe ɗan bawul ɗinsa har hucin ya ƙare ruwa ya fito miƙe. Matsi zai sauka yayin da iska ke fita, ka dawo ka duba. Lagireton da ƙasansa ke da zafi samansa da sanyi, iska ce. Ƙarar ruwa kamar ana zuba shi a cikin bango, iska ce. Sannan ka tayar da famfon zagaya ruwa, tun wuta ba ta kama ba. Duba ko yana juyawa ta inda kibiya ta nuna, musamman in an taɓa wayoyinsa. Saurari ƙararsa: in kamar tsakuwa yake niƙa, matsi ya yi kaɗan a bakin shigarsa ko matatar gabansa ta toshe. Wurin da ya dace da famfo shi ne bayan mahaɗar tankin kumburi, yana tura ruwa nesa da tankin. A wannan mahaɗa famfo ba ya iya canja matsi, don haka in yana turawa daga nan, ƙarfinsa ƙari ne a kan matsin gini. In aka juya shi yana turawa zuwa tanki, ragi zai yi, har hawan sama ya riƙa zuƙo iska.

Famfon nan ba shi ke ɗaga ruwa sama ba, ciko ya riga ya yi wannan. Nasa shi ne ya rinjayi gogayyar bututu. Lissafin da ake tambaya a kansa ɗaya ne: BTU a awa daidai yake da 500 sau galan a minti sau bambancin zafin fita da na dawowa. Boilar da ke cin BTU 1,000,000 tana ba da 800,000 tana aiki a kashi 80 cikin 100, kuma in an tsara ta da bambancin digiri 20, tana son galan 80 a minti. Idan ruwa yana fita da 180 yana dawowa da 130 a ginin da aka tsara da 20, ruwa ba ya gudu yadda ya kamata.

Sai wuta. Bi layin gas daga bawul ɗin hannu: ɗan bututun tara datti, na'urar daidaita matsi, makunnin ƙarancin gas, bawul ɗin rufewa masu aiki da lantarki, makunnin yawan gas. Duk mahaɗar da aka taɓa a shafa mata ruwan sabulu a ga ko za ta yi kumfa. Saita akwastat na aiki, wato na'urar da ke kunna wuta da kashe ta bisa zafin ruwa, yawanci wajen digiri 180, da na iyaka a sama da shi, wajen 200. Na iyakar nan ba a gudanar da boila da shi; mai jiran gado ne, in na farko ya mutu shi zai yanke wuta, kuma sai an danna shi da hannu yake dawowa, domin a tilasta wa mutum ya zo ya ga abin da ya faru. Sa murhu a ƙaramar wuta, kunna, ka tsaya a gefe, kada ka tsaya a gaban ƙofa. Fanka za ta tashi, makunnin iska ya tabbatar tana hurawa, sannan ta share ɗakin wuta da hanyoyin hayaƙi, aƙalla canjin iska sau 4. Dalilin sharar nan shi ne gas yana fashewa in ya kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iska, kuma ɗan yoyon bawul na dare ɗaya ya isa. Bayan shara, tartsatsi zai kunna ƙaramar wutar farko, idon wuta, wato na'urar da ke tabbatar wuta ta kama, ya gan ta cikin daƙiƙa 10, sannan babban bawul ya buɗe. A tsohuwar boila marar fanka, in wuta ta mutu, a rufe gas a jira aƙalla minti 5 kafin a sake gwadawa.

Idan na'ura ta kulle, kada a yi ta danna maɓallin sake tashi. Nemo dalili tukuna: babu gas, babu tartsatsi, ko idon wuta ya yi datti. A murhun mai abin ya fi muni, domin kowace dannawa tana fesa mai a ɗakin wuta ba tare da ya ƙone ba, kuma ranar da ya kama, duka zai kama.

Wuta ta kama, sai haƙuri. Bar ta a ƙarama har ƙarfe ya ɗumama gaba ɗaya. A mintunan farko za ka iya jin ɗiga tana cas-cas a kan murhu. Wannan raɓar hayaƙi ce, ba huji ba ne: hayaƙin gas yana ɗauke da tururi, kuma yana komawa ruwa a kan duk ƙarfen da bai kai kusan digiri 130 ba. Na ɗan lokaci ba komai. In ya zama kullum, ruwan mai tsami ne, zai cinye boila da bututun hayaƙi. Shi ya sa a boila ta gargajiya ake son ruwan dawowa ya kai digiri 140, wato 60 a Selsiyos, kuma shi ya sa ake saka bawul mai gauraya ruwan fita da na dawowa. Sabuwar boila mai tatsar hayaƙi akasin haka take so, ruwan dawowa mai sanyi shi ke ƙara mata riba, ruwan tsamin kuma ana bi da shi ta cikin tsakuwar farar ƙasa kafin ya shiga magudana. San wacce ke gabanka. Ɗaya haɗarin shi ne boila ta yi zafi sannan a buɗe mata babban sashen gini mai ruwa kamar ƙanƙara lokaci guda. Wani gefen ƙarfe zai tsuke, wani yana buɗe, ƙarfen zubi ya tsage. A buɗe sassan ɗaya bayan ɗaya, ido yana kan zafin dawowa. Duk wannan lokaci ka riƙa kallon matsi: hawan psi kaɗan daga sanyi zuwa zafi shi ne lafiya.

Boilar da ta tashi ba a gama da ita ba sai an gwada masu tsaronta, kuma kowane gwaji a ga wuta ta mutu da ido. Sauke akwastat na aiki ƙasa da zafin ruwa, wuta ta mutu, mayar da shi. Yi wa na iyaka haka, ka tabbatar bai dawo ba sai da ka danna. Rufe bawul ɗin hannu na kusa da murhu, idon wuta ya rufe gas cikin daƙiƙa 4. Gwada LWCO, na'urar da ke yanke wuta in ruwa ya yi ƙasa, wadda ƙa'ida ta wajabta a boilar ruwan zafi da ta haura BTU 400,000 a awa. A boila mai siraran bututai da ke dogara da gudun ruwa, makunnin gudu ne ke wannan aiki. Ɗaga hannun bawul ɗin kariya gaba ɗaya na aƙalla daƙiƙa 5, ka sake shi ya koma da kansa, ƙafafunka nesa da bakin bututu. Ana maimaita wannan duk wata uku, in dokar wurinka ba ta fi haka tsanani ba. Launin wuta yana ba da labari, shuɗiya tsayayya a gas alama ce mai kyau, rawaya mai lilo da baƙin hayaƙi alamar ƙarancin iska, amma ido ba ya auna kabon monoksaid, sai na'urar gwada hayaƙi. Rubuta komai a littafi da kwanan wata da sa hannu.

Tambayar da ba ta taɓa ɓacewa daga jarrabawa ita ce ta boilar da ta ƙone babu ruwa: geji ya faɗi, fenti yana ƙauri, ƙarfe ya yi ja. Hannu zai so ya kai ga bawul ɗin ciko. Kada a kuskura. Ruwan da ya taɓa jan ƙarfe tururi zai zama nan take. Kashe wuta da makunnin gaggawa da ke bakin ƙofa, rufe gas da hannu, domin bawul ɗin da ya maƙale a buɗe ba ruwansa da an ɗauke lantarki, fitar da mutane, bar ta ta huce da kanta, kuma kada a sake kunna ta sai sufeto ya duba.

Wani abu da sababbi ke ɗauka kirki ne alhali ɓarna ce: yawan canja ruwa. Sabon ruwa yana zuwa da iskar oksijin mai kawo tsatsa, da ma'adanai masu daskarewa a jikin ƙarfe kamar ƙanzo a gindin tukunya, su hana zafi wucewa har ƙarfen ya ƙone. Tsohon ruwan da ya yi duhu ya riga ya zubar da nasa. Don haka ba a zubar da boilar ruwan zafi da rani sai in gyara ya tilasta, a cike ake barin ta. A sa mita a layin ciko a riƙa karanta ta. Bawul ɗin ciko yana iya ɓoye yoyo na tsawon watanni, yana cikawa geji yana nuna lafiya, mita ce kaɗai za ta tona.

A zauren jarrabawa, kafin ka duba zaɓi, tabbatar wace boila ake tambaya. Gilashin layin ruwa da tarkon tururi da na'urar da matsi ke kunnawa da kashewa duk na tururi ne. Ta ruwan zafi zafi ke tuƙa ta, kuma gejinta guda yana nuna zafi da matsi tare, lambobinsa suna kaiwa tsakanin ninki 1.5 zuwa 3.5 na saitin bawul ɗin kariya. Riƙe 2.31 da 500 da laba 8.33 na nauyin galan ɗin ruwa da BTU 33,475 a awa na ƙarfin dokin boila. Kafin ranar, roƙi mai lasisin da kake aiki ƙarƙashinsa ya bar ka ka zana layin boilarku a takarda, daga ruwan gari har lagireto na ƙarshe da dawowa, ka sa kowane bawul a wurinsa, shi kuma ya gyara maka. Ka kuma riƙa adana shaidar watannin da ka yi a ɗakin boila da sa hannunsa, domin ita za a nema lokacin da za ka nemi aji na gaba.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan ɗakin boila,
Minesota, Amurka.